Amsoshin Tambayoyinku: Mayar da Malejin Mota Mai Allura Zuwa Mai Lamba

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ne ga al'amari guda, wato sauya malejin mota mai allura da wanda yake nuna gudu da lambobi a kan ɗan allo. Na zaɓi waɗanda motocin masu su suka bambanta da juna, domin amsar da ta dace da motar shekarar 2007 ba ita ce ta dace da ta shekarar 1985 ba. Na kuma taƙaita tambayoyin ba tare da sauya ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani ma'aikacin gwamnati a Zariya: Na sayi Toyota Camry ƙirar 2007 da aka shigo da ita daga Amurka. Manyan lambobin malejinta na mil ne, na kilomita kuwa ƙanana ne a ciki, da ƙyar nake ganinsu, musamman da dare. An ba ni shawarar in je a cire malejin a sa mini na lamba. Me ya kamata in saya?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, amma ba sai an cire komai daga motar ba. Mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.609, saboda haka idan allurarka tana kan 60 to kana gudun kilomita kusan 97 ne a awa, idan kuwa ta hau 80 ka kusa kilomita 129. Direban da ya saba da malejin kilomita yakan ga 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali ya wuce ƙa'ida da nisa. Ƙa'idar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta gindaya wa ƙananan motocin gida ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman, kuma a kan malejinka waɗannan su ne mil 31 da 50 da 62. Ko ba ka sayi komai ba, haddace waɗannan lambobi uku ya rage maka rabin matsalar.

Abin da zan ce ka saya shi ne ɗan allon da ake jonawa a soket ɗin OBD. Duk ƙaramar motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga ƙirar 1996 tana da wannan soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, kusa da gwiwar direba. Nan ne mai sikana yake jona kwamfutarsa idan fitilar injin ta kama. Allon yana tambayar ƙwaƙwalwar motar gudun da ake yi, ita kuma tana ba shi amsa da kilomita kai tsaye, domin haka tsarin OBD ya tanada ko da motar ta Amurka ce. Ba a yanke waya, ba a kwance dashbod, kuma ranar da za ka sayar da motar sai ka zare abinka. Yawancinsu suna nuna ƙarfin batir da zafin ruwan inji ma, kuma a ganina zafin ruwan nan ya kusa fin gudun amfani, domin allurar zafi ta motoci da yawa takan tsaya cak a tsakiya ko da zafin yana ta hauhawa, ba ta motsawa sai abu ya fara ɓaci.

Akwai abubuwan da za ka duba kafin ka biya kuɗi, kuma ka duba su a cikin motarka, ba a kan teburin mai shago ba. Na farko, ɗaya daga ramukan soket ɗin, wato na 16, yana ɗauke da wutar batir dare da rana ko an zare makulli. Allo mai kyau yana gane an kashe inji ya mutu da kansa, maras kyau kuwa yana ci gaba da shan wuta, sai ka ajiye mota ka yi tafiyar mako guda ka dawo ta ƙi tashi. Ka kashe motar a gaban mai sayarwa, ka rufe ƙofa, ka tsaya ka ga allon ya mutu. Na biyu, ka nemi wanda yake rage haskensa da kansa idan duhu ya yi, domin lambobi masu tsananin haske a gaban direba da dare suna kashe ido su hana ganin mai tafiya a gefen titi. Na uku, ka guji mai batir a cikinsa. Dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, batirin litiyam kuma yakan kumbura a irin wannan yanayi, haka nan gam ɗin da ake manna allon da shi yakan narke.

Za a nuna maka iri biyu. Akwai wanda ake kallo kai tsaye, akwai kuma wanda ake kwantarwa ya haska lambobin a jikin gilashin gaba. Na biyun ya fi burgewa a hoton talla, sai dai hasken yana dawowa ne daga fuskar ciki da ta wajen gilashin gaban mota, don haka lambar takan fito biyu-biyu idan ba a liƙa 'yar ledar da ke zuwa da shi ba, kuma a ranar tsakiyar hantsi ta ƙasarmu da wuya ka ga komai. Ni dai na fi natsuwa da mai kallon kai tsaye wanda yake da 'yar rumfa a samansa. Idan an zo ɗaurawa, a bi da wayar ta gefen dashbod a ɗaure ta sosai, kada a bar ta tana reto kusa da birki da totur.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa: Ina da Fijo 504 fikof da nake zuwa kasuwannin ƙauye da ita. Allurar malejin ta daɗe tana rawa, yanzu ta kwanta gaba ɗaya. Yarana sun ce in sa na zamani mai lamba. Zai yi aiki a tsohuwar mota irin wannan?

Amsa: Alhaji, zai yi, amma ba irin wanda na kwatanta wa mai Camry ba, domin 504 ba ta da ƙwaƙwalwar da za a tambaya. Malejinta na igiya ne. Wata waya mai lanƙwasa ce take tasowa daga giyabos tana juyawa a cikin kubenta har bayan malejin, inda take juya wani maganaɗisu. Juyawar maganaɗisun tana jan wani ɗan kofi na alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, allurar tana jikin kofin, wani siririn sifirin kuma yana mayar da ita baya. Wani injiniya Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1902, kuma motoci sun yi shekaru aru-aru, in ce kusan ƙarni guda, suna amfani da ita saboda sauƙinta.

Rawar da allurar ta riƙa yi alama ce ta igiyar ta bushe ko ta lanƙwashe a wani wuri, kwanciyarta kuma galibi tsinkewa ce. Ka duba lambobin da ke ƙirga nisan tafiya. Idan su ma sun tsaya, laifin igiyar ne ko na ɗan haƙorin da ke juya ta a cikin giyabos. Idan kuwa suna ci gaba da ƙirga allura ce kaɗai ta kwanta, to cutar tana cikin kan malejin. Bakanike zai kwance igiyar daga wajen giyabos ya murza bakinta da yatsu, yaronsa yana kallon allura: in ta ɗan zabura, igiya da maleji lafiya lau, sai a nemi haƙorin. Kamfanin PAN ya yi shekaru masu yawa yana harhaɗa 504 a Kaduna, saboda haka a fara neman igiyarta a Panteka ko Ƙofar Ruwa kafin a yi zancen sauya tsari.

Idan duk da haka kana son lamba, hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a cire igiyar a ɗaura sensa a gurbinta, mai wayoyi uku, wadda take aika bugun lantarki a duk juyi, sannan a haɗa ta da maleji mai lamba. Wannan aikin mai wayarin ne wanda ya san abin da yake yi, domin dole bakin sensar ya dace da zaren giyabos ɗinka, kuma dole a saita malejin ta hanyar tuƙa motar a tazarar da aka san tsawonta. Saitin nan ba ado ba ne. Igiyar motocin Japan tana juyi 637 a kowace kilomita, ta motocin Amurka tana juyi 1,000 a kowane mil, don haka malejin da aka ɗaura ba saiti zai ba ka lamba kyakkyawa mai haske wadda ba ta da alaƙa da gudun da kake yi. Hanya ta biyu ita ce maleji mai GPS, wanda yake auna gudu daga taurarin ɗan'adam, wuta kawai yake buƙata, ba ruwansa da giyabos, kuma ba ya cin data. Shawarata gare ka ita ce a gyara igiyar domin lissafin nisan da kake canza man inji da shi ya ci gaba, sannan a ƙara mai GPS a kan dashbod. A ɗauko masa wuta daga layin da yake mutuwa idan an zare makulli, a sa masa fiyus.

Tambaya daga wata malamar jinya a Kano: Idan allurar motata tana kan 100, manhajar taswira ta wayata 94 take nunawa. Wanne ne yake ƙarya? Ko in sa maleji mai lamba ne domin in sami gaskiya?

Amsa: Hajiya, babu wanda ya lalace a cikinsu. Da gangan masu ƙera motoci suke sa maleji ya ɗan ɗara gaskiya. Ƙa'ida ta 39 ta Hukumar Tattalin Arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashe da yawa suke bi, ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudun mota, amma ta yarda ya ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Wato motar da take gudun 100 na haƙiƙa malejinta yana iya nuna har 114 bai saɓa doka ba, amma ba a yarda ya nuna 99 ba. A miƙaƙƙiyar hanya, ƙafa a tsaye a kan totur, sama kuma a buɗe, lambar GPS ta fi kusa da gaskiya. Rauninta shi ne takan makara idan ana ƙara gudu ko taka birki, domin masu arha sau ɗaya suke sabunta lamba a daƙiƙa, masu kyau kuwa har sau goma. Takan kuma rikice a ƙarƙashin gadar sama ko tsakanin dogayen gine-gine, kuma idan an tayar da mota da safe takan ɗauki wani lokaci kafin ta kama taurarin.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne cewa lamba ba ta fi allura gaskiya don kawai lamba ce. Inda aka ɗebo bayanin shi ne abin dubawa. Allura da allon OBD duk juyin taya suke ƙirgawa, saboda haka idan an sauya girman taya su biyun za su ɓata tare. Misali, motar da aka ƙera da taya 195/65 R15, idan aka sa mata 205/70 R15 domin ta ɗaga daga ƙasa saboda ramuka, tsayin tayar ya tashi daga kusan milimita 635 zuwa 668, ƙarin kashi 5 cikin ɗari ke nan da ɗoriya. Wannan ya cinye yawancin rarar da masu ƙira suka bari, har motar tana iya fin abin da maleji yake nunawa gudu. Idan kina son gwaji ba da na'ura ba, a hanyar da alamun kilomita suke tsaye, wanda ke zaune a gefenki ya riƙe agogo: gudun 60 yana cinye kilomita ɗaya a daƙiƙa 60, gudun 80 a daƙiƙa 45, gudun 100 a daƙiƙa 36. Ke dai ba ki buƙatar sayen komai.

Tambaya daga wani mai karatu a Bauci: Honda Accord ce gare ni, ƙirar 2004, mai giya otomatik. Allurar gudu takan faɗi sifiri ana cikin tafiya, giya ta riƙa fizga, fitilar inji kuma ta kama. Mai shago ya ce in sa na lamba in huta.

Amsa: Kada ka yarda, Malam. Allurar da take faɗuwa tare da fizgar giya tana gaya maka ne cewa ƙwaƙwalwar motar ita ma ta daina samun labarin gudu, kuma da wannan labarin take yanke lokacin canza giya. Idan ka sa allon OBD, shi ma sifiri zai nuna a daidai lokacin da allurar ta faɗi, tunda rijiya ɗaya suke ɗiba. Idan kuwa mai GPS ka sa, zai nuna maka gudu daidai, hankalinka ya kwanta, giyabos kuma yana ta cin wuya a ƙasa har ranar da zai nemi kuɗin da ya ninka na sensa sau da yawa. Ka kai ta a sa mata sikana. Lambobi irin su P0500 da P0720 suna nuni ne ga sensar gudu ko wayoyinta, kuma sau da yawa soket ne ya yi tsatsa ko ɓera ya ci waya. A motoci da yawa na baya-bayan nan daga sensocin ƙafafu na ABS, wato tsarin da ke hana ƙafafu ƙullewa idan an taka birki da ƙarfi, ake ɗaukar gudun, shi ya sa maleji yakan mutu bayan an canza boris ko wani ya cire fiyus ɗin ABS da sunan gyara.

Wuri ɗaya ne maganar mai shagon take da gaskiya. Idan aka tuƙa motar da sikana a jone, aka ga kwamfutar tana nuna gudu lafiya alhali allura a kwance take, giya kuma ba ta fizga, to ɗan injin da ke juya allurar ne ya mutu ko dalma ta saki a bayan malejin. A nan allon OBD yana iya rufa asiri kafin a gyara.

Tambaya daga wani matashi a Abuja: Na ga cikakken allon dashbod na dijital a intanet, mai launuka kamar na sababbin motoci. Ina son in cire na Golf 4 ɗina gaba ɗaya in sa shi.

Amsa: Wannan ne sayen da na fi jan kunne a kansa. Abin da kake kira maleji a wannan motar ba gudu kaɗai yake nunawa ba. A yawancin Golf 4, na'urar da take tantance makulli ta hana ɓarawo tayar da mota tana cikin allon ne, don haka idan ka cire shi injin zai tashi ya mutu nan take, sai an nemo mai kwamfutar da zai daidaita makulli da ƙwaƙwalwa da sabon allo, in ma sabon yana da wannan tsari. Lissafin nisan da motar ta yi a rayuwarta shi ma a ciki yake. Sabon allo daga sifiri zai fara, kuma ranar sayarwa mai saye yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da motar ta ci. Duk wanda ya sauya allo ya ɗauki hoton tsohuwar lambar, ya rubuta ta da kwanan wata a takardun motar, ya ajiye tsohon allon.

Sannan akwai fitilun gargaɗi: na man inji, na birki, na jakar iska, na caji. Allon da ba a yi shi domin motarka ba yana iya rasa wasunsu, ko ya nuna tanki rabi alhali ya kusa ƙafewa, saboda ma'aunin da ke cikin tanki bai dace da shi ba. A tsofaffin motoci ma ta cikin ƙwan fitilar caji ake ba altaneta 'yar wutar da take fara aiki da ita, wanda ya cire ƙwan nan yana iya wayar gari batir ba ya caji bai san dalili ba. Sha'awar lambobi ba sabuwa ba ce, in faɗa maka. Aston Martin Lagonda ta fito da dashbod na dijital tun 1976 ta kuma yi suna wajen ba masu ita wahala, kamfanoni da yawa sun bi yayin a shekarun 1980, daga baya suka koma wa allura, domin da gefen ido direba yake gane inda allura take ba sai ya karanta ba. Honda Civic ƙirar 2006 da ta cika titunanmu ta zo da lambar gudu a sama kusa da gilashi kuma tana aiki lafiya, amma tun daga masana'anta aka tsara motar a kan haka. Idan ka dage, ka sayi wanda aka rubuta ƙarara cewa na ƙirar motarka da shekararta da injinta ne, soket ya shiga soket ba yankan waya, daga wurin wanda zai karɓi kayansa idan bai yi ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Na sayi allon OBD, na jona a motata ta Turai ƙirar 1999 da ta zo ta Kwatano. Yana kamawa amma ba ya nuna gudu.

Amsa: Soket ɗin yana nan, amma harshen da motar take magana da shi daban ne. Turai ba ta wajabta tsarin bai-ɗaya ba sai a 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na gas, kafin nan kowane kamfani da nasa. Haka ake samu a wasu motocin da aka ƙera domin kasuwar Japan ko ta ƙasashen Larabawa. Ka duba ko allon naka mai hanya biyu ne, domin da yawa suna da maɓallin komawa GPS. In babu, ka mayar a canza maka da mai GPS.

Tambaya daga wani direban bas mai jigila tsakanin Kano da Kaduna: Na sa maleji mai lamba wanda yake ƙara idan na wuce gudun da na saita. Zai wadatar idan jami'an hanya suka tambayi na'urar ƙayyade gudu?

Amsa: Ba zai wadatar ba, direba. Naka tunatarwa kawai yake yi, kana iya toshe kunne ka ci gaba da taka totur. Na'urar ƙayyade gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya daga ranar 1 ga Fabrairun 2017, tana rage man da ke shiga inji ne ta hana motar wuce iyakar da aka sa mata, kuma wurin waɗanda hukumar ta amince da su ake ɗaura ta a ba ka takardar shaida. Ka bar allonka a inda yake domin yana da amfaninsa, ka saita ƙararsa a kan 90, wanda shi ne iyakar bas da tasi a tagwayen hanya, ka kuma sauke shi zuwa 80 idan za ka bi hanya mai falle ɗaya.